Tagar Da Ke Cikin Idonta

Masu karatu, kafin ku cika min akwatin saƙo da nasiha, bari in faɗa muku sana'ata, don ku san ba a banza na wuni ina kallon fuskar wata mace ba. Ni ce mai tsara bangon wata mujallar waƙa. Hoton da kuke hangowa a hannun mai talla a bakin danja, da manyan baƙaƙen da ke samansa, da 'yan kalmomin da ke sa ku sauke gilashin mota, duk ni nake jera su. Aikina ke nan, in sa ku ƙyasa abin da ba ku fito gida da niyyarsa ba.

Wanda zan aura shi ne mai ɗaukar hoton mujallar. A ofis Dogo ake ce masa. A gidanmu Mama "yaron nan" take cewa, amma da wata irin murya mai taushi da ba ta taɓa kiran ɗayanmu da ita ba. Ranar Asabar manyansa za su zo gidanmu a tsayar da magana.

Yadda muka fara ba wani dogon labari ba ne. Ina sabuwar zuwa aka ce ya ɗauke ni hoton katin ma'aikata. Na tsaya a jikin bango na sandare kamar wadda aka kama da kayan sata. Ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai. Sai ya sauke kyamarar zuwa ƙirjinsa, ya matso, ya rage murya ya ce, "Manta da kyamara. Ba kowa a nan sai ni da ke. Faɗa min abin da ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, amma da ido."

Ban san lokacin da ya danna ba. Kalmomin nan kuwa na adana su kamar ɗan kunnen gado. Ko yayata da muke kwana ɗaki ɗaya ban faɗa mata ba. Hoton kuma Mama ta sa an wanke shi babba, an yi masa firam, yana kan teburin talabijin.

Ranar da zan ba ku labari, na fito da safe na tarar da Mama a tsaye kan kujera tana rataya labulen baƙi, wanda ba ya fitowa daga akwati sai da dalili mai ƙarfi. Gwaggo, yayar Baba, ta zo tun farkon mako don ta taya mu shiri, wato ta zauna a kujera mafi laushi da kofin shayi tana faɗin abin da ba mu yi daidai ba.

"Auta, riƙe min nan," in ji Mama.

Gwaggo ta dube ni daga ɗankwali har takalmi. "Da wannan rigar za ki aiki? Toka-toka, sai ka ce bangon asibiti?"

"Gwaggo, kwamfuta ba ta kallon kaya."

"Shi ai yana kallo. Mutumin da sana'arsa kallon mata ce, da safe ya kalli wannan, da rana ya kalli waccan, ke kuma ki je masa kamar buhun siminti."

"Haba Yaya," Mama ta ce, da ƙugiyar labule a bakinta. "Yaron nan ba shi da wannan halin."

"Ni ban ce yana da shi ba. Cewa na yi yana da ido." Ta nuna firam ɗin da haɓa. "Duba nan. Tun da aka haife ki, nan kaɗai kika yi kyau."

Na yi dariya na fita. Da na san abin da ke jirana, da na tsaya na ƙara shan shayi.

Editarmu mace ce gajeriya mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya, kuma ba ta yarda akwai wanda ke karanta mujalla ba. A wajenta mutane kallo kawai suke yi, sai su saya don kunyar mai talla. Dokokinta na bango kowa a ofis ya haddace. Ido ya kalli mai karatu, ya kuma zauna a sama, don mai jarida jera su yake wani kan wani, rabin ƙasa ba ya ganuwa. Kala kada ta wuce uku. Rubutu kada ya fi abin da direba zai karanta kafin na bayansa ya danna masa oda. In tauraron ya isa, kansa ya rufe wani sashe na sunan mujallar, don a nuna ya fi mu girma. In bai isa ba, sunanmu ya hau kansa, ya gode Allah.

Bangon wannan watan na Kurciya ne. Kun san irinta ko ban kwatanta ba: mawaƙiyar da muryarta ke fitowa daga kowane shagon aski da kowace motar haya, siririya, mai dogon wuya, wadda in ta ce "wayyo" a waƙa sai magidanta su rage gudun mota.

Dogo ya turo hotunan. Na buɗe, Edita na tsaye a bayana tana numfashi a kan mayafina.

Na farkon duk na studiyo ne. Kurciya cikin jar doguwar riga mai ƙyalli, makirufo a hannu, haƙora duka a waje.

"Wuce. Tallar man goge baki. Wuce. Wannan kamar an ce mata ta yi murmushi ko a kira 'yan sanda. Wuce."

Sai muka iso na ƙarshe. Babu jar riga, babu makirufo. Farar riga ce mai sauƙi, kwalliyar ma kamar an goge rabinta. Ta ɗan karkatar da kai, leɓenta a ɗan buɗe, haske ya kwanta a gefen fuskarta ɗaya, ɗayan gefen ya nutse cikin inuwa. Idonta kuwa ba cikin kyamara yake ba. Ya ɗan haura sama kaɗan, inda fuskar mutum za ta kasance in dogo ne.

Edita ta sauya tabarau. "Tsaya nan. Wannan ne."

"Anti, ba ta kalli mai karatu ba. Dokarki ce."

"Ni na kafa dokar, ni zan karya ta. Wannan ya fi kallo, 'yar nan. Duk namijin da ya gani zai ɗauka shi ake nufi, kuma zai ɗauka matarsa ba ta sani ba. Duk macen da ta gani za ta saya don ta gano wa ake yi wa. Cire min komai. Baƙin bango, sunanmu da fari, kanta ya rufe tsakiyarsa. Magana ɗaya tak da ruwan ɗorawa a hagu."

Na yi yadda ta ce, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna ya ji daɗin aikin ko da cikina bai ji ba. Na yanke hoton daga kafaɗa. Na ture sauran kanun labarai can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, har da na wani tsohon makaɗi da ya ba mu hira mai ma'ana, wanda yanzu girmansa bai kai kunnenta ba. Na buga gwaji na manna a bango, na koma bakin ƙofa na juya baya, sannan na waiwayo da sauri, kamar yadda muke yi don mu ga abin da ido zai fara cafka. Idonta ne. Na tura wa wayata na mayar da shi ƙanƙani kamar farcen babban yatsa. Har a haka tana kallon wani.

Na ce wa kaina, aiki ne. Mawaƙiya ce, kallo na cikin kayan sana'arta.

Saura gyaran ƙarshe. Mai tsara bango ba ya sallamar hoto sai ya shiga cikin idon, ya share jan jijiya, ya ƙara masa ɗan haske. Dogo ne da kansa ya koya min cewa duk hasken da aka ɗauki mutum da shi yana barin siffarsa a ƙwayar ido. Fitilar studiyo mai lema tana barin ɗan farin da'ira, mai akwati tana barin farin murabba'i. Ya taɓa zaunar da ni da tarin tsofaffin mujallu yana sa ni in faɗi inda aka ɗauki kowane hoto daga idon mai shi kawai. A lokacin na ɗauka soyayya ce. Ashe makami yake miƙa min.

Na ƙara girman idonta na dama har ya cika fuskar kwamfutar.

Ba da'ira, ba murabba'i. Taga ce. Doguwa, samanta a lanƙwashe kamar rabin faranti, ƙarafunta a gicciye. A ƙasa ta gefe ɗaya kuma akwai ɗigon kore.

Masu karatu, na san tagar nan fiye da yadda na san fuskar maƙwabcinmu. Tagar falon gidan da Dogo ya kama mana ce, a hawa na biyu. Saboda ita na zaɓi gidan, duk da kicin ɗin mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Gilashinta ɗaya ya taɓa fashewa, mai gidan ya rasa fari ya sa kore, na ce kada a taɓa min shi. Ni na auna ta da hannuna, yadin labulenta yana cikin durowar Mama a naɗe. Kuma tun da aka ba mu makulli yake ce min kada in je, mai fenti bai gama ba, warin zai tayar min da ciwon kai.

Ni ban taɓa zama a falon nan ba. Ita ta zauna.

Na ɗauki waya na tura masa saƙo.

"A ina ka ɗauki na ƙarshen nan?"

Nan take ya amsa. "Ya yi ko? Na san za ki so shi."

"Tambaya na yi."

"Sirrin sana'a ne, ranki ya daɗe." Ya haɗa da 'yar fuskar nan mai kashe ido ɗaya.

"Mai fenti ya gama?"

"Saura kaɗan."

"Mu haɗu a can in an tashi. Ina da makullina."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Daga ƙarshe kalma ɗaya ta iso: "To."

Na riga shi zuwa. Fenti ya bushe tuni, ko wari babu. Falon fayau, sai wata doguwar kujerar katako mara jingina a gefen taga, an ajiye ta daidai inda hasken yamma ke sauka. Na duba ƙasa ko zan ga wani abu, gashi ko abin kunne, irin shaidar da mata ke samu a labarai. Ba komai sai hular kwalbar ruwa. Har haushi na ji. Na zo da fushi cike da jaka, ba a bar min inda zan zuba shi ba.

Ya shigo yana haki, jakar kyamara a kafaɗa, cikin shuɗiyar rigar da na saya masa, an nannaɗe hannunta zuwa gwiwa. Na miƙa masa gwajin bangon. Na kuma miƙa masa wata takardar da na buga idon kaɗai.

Ya kalla, ya dafe goshi, ya yi 'yar dariyar wanda ɗalibinsa ya kayar. "Na manta da wa nake aiki."

"Ka manta da wa za ka zauna a nan."

"Saurare ni, Hajiyata. A studiyo ta ƙi sakin jiki, kin ga hotunan da idonki. Fitila ta mayar da ita kamar 'yar tsana. Na tuna babu hasken da ya kai na tagar nan a duk inda na sani. Ba mu kaɗai muka zo ba, da manajanta da mai yi mata kwalliya, ga lambarsu ki kira. Ko ruwa a tsaye ta sha. Ban faɗa miki ba don na san ranki zai ɓaci, ga Asabar ta matso."

"Fentin fa?"

"So nake in gama jera kaya ki gani gaba ɗaya. Wallahi shi ke nan."

Abin takaicin, na yarda da shi. Na san fuskarsa in yana ƙarya, kunnensa ke fara motsi. Yau ko gezau. Ya kamata in ji sanyi, in karɓi haƙuri, in koma gida in taya Mama goge kofuna. Amma akwai abin da bai amsa ba, kuma ba tagar ba ce. Taga haske kawai take bayarwa. Ba ita ke sa mace ta buɗe leɓe haka ba.

Na hau kujerar, na gyara mayafi. "Ɗauke ni."

"Yanzu?"

"Hasken zai tafi."

Ya ciro kyamara, ya ɗauka, ya duba. Na san abin da ya gani: buhun simintin Gwaggo.

"Me ka ce mata?" na tambaya.

"Wa?"

"Malam, mu biyu ne a ɗakin, ta ukun tana hannunka a takarda. Me ka ce mata ta yi wannan kallon?"

"Haba, aiki ne kawai. Kowane mai hoto yana da dabararsa."

"To yi min aikin."

Ina ganin a ransa ya ɗauka wasa ne, irin wanda in an yi shi za a shirya. Ya sauke kyamarar zuwa ƙirjinsa. Ya matso. Ya rage murya.

"Manta da kyamara. Ba kowa a nan sai ni da ke. Faɗa min abin da ba ki taɓa faɗa wa kowa ba..."

"Amma da ido," na ƙarasa masa.

Sai a lokacin ya tuna. Na ga tunawar ta sauko masa daga goshi zuwa baki. Amma yatsansa ya riga hankalinsa, ya danna.

Na karɓi kyamarar na duba. Ga ni nan, kai a karkace, leɓe a ɗan buɗe, ido ya haura sama kaɗan. Wannan ne ya fi ƙona min rai, masu karatu. Ina sane, ina cikin fushi, na san kalmar da za ta biyo bayan kowace kalma, amma fuskata ta narke masa kamar yadda ta saba. Dabarar tana aiki. Ko a kan wadda ta san dabara ce.

"Mata nawa ka faɗa wa?"

"Ba ƙirgawa nake ba. Duk wadda ta sandare."

Nan take barandar ofishinmu ta faɗo min a rai, inda aka jera tsofaffin bangon mujallar cikin gilashi. Kullum ta nan nake wucewa. Mai jita, da mai rawar nan da ta yi aure ta daina, da tagwayen da suka rabu. Dukansu da kallon nan. Kuma ni na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, na yanke, na ƙara musu haske a ido, na sa musu ruwan ɗorawa a hagu, ina jin daɗin yadda ake wawasonsu. Abin da na ɓoye wa yayata, ashe ni ce nake raba shi a bakin danja duk wata.

"Da ke gaskiya nake," ya ce. "Ranar nan, da na sauke kyamarar, ban sake zama daidai ba."

"Na ji. Da su fa?"

"Aiki."

"To ta ina zan gane? Sana'ata karanta hoto ce, kai ka ƙarasa koya min. Ga nawa, ga nata. Nuna min inda aikin ya ƙare."

Ya kalli takardar, ya kalli kyamarar. Mutumin da ke sa taurari su manta da sunansu ya tsaya a tsakiyar falonmu kamar wanda aka tambaya hanya a garin da bai sani ba.

Na sauko daga kujerar. "Kana da daga nan zuwa Asabar. Ka samo min magana ɗaya da ba ka taɓa gwada ta a kan kowa ba. Ba sai mai daɗi ba. Sabuwa kawai."

Washegari Edita ta leƙa gwajin ƙarshe ta ce, "Akwai wani ɗigon kore a idonta, kamar datti. Share shi."

"Anti, shi ne ke sa idon ya yi rai. In na cire, 'yar tsana za ta koma."

Ta sauya tabarau, ta ja baya zuwa ƙofa, ta waiwayo. "Bar shi. Tura maɗaba'a." Ta tsaya ta dube ni. "Wannan ne mafi kyau da kika taɓa yi. Me ya same ki?"

"Na fara fahimtar aikin ne."

Don haka in kun ga mujallar a hannun mai talla, ku matsar da ita kusa da fuskarku. Falona ne a ciki. Kun ga ke nan kowa zai riga ni shiga.

Da na koma gida na tarar an shimfiɗa sabon kafet, an goge firam ɗina har yana ɗaukar ido. Na ciro gwajin bangon daga jaka, na jingina shi a gefensa.

Mama ta kalla ta ce, "Masha Allah, aikin yaron nan ne?" Sai murmushinta ya fara raguwa. Ta dubi na hagu, ta dubi na dama.

Gwaggo ta ajiye kofi, ta taso da kanta, abin da ba ta yi ba tun zuwanta. Ta sunkuya ta daɗe. Na jira ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

"Auta," ta ce a hankali, "wa suke kallo haka, su biyun?"

Wayar Mama ta yi ƙara a kan hannun kujera. Mahaifiyar Dogo ce. Mama ta ɗauka, aka gaisa, aka tambayi mutan gida da gajiya, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Tana tambaya ko Asabar ɗin tana nan. Me zan ce mata?"

"Ki ce mata ɗanta ne zai faɗa."

Na kifar da firam ɗin a kan fuskarsa, na bar Kurciya a tsaye tana kallon sama da kanmu duka, na shige ɗaki.

Ga wayar nan a gefena tun da na fara rubuta muku wannan. A ƙarƙashin sunansa alamar ta fito: yana rubutu. Ta ɓace. Ta sake fitowa.

Har yanzu ko harafi ɗaya bai iso ba.